Wando uku, duk lamba 14, ɗaya ne kawai ya shige ni: jikina ne ko shagunan ne?

Wata 'yar'uwa ce ta aiko da tambaya, tace ta sayi wanduna uku a shaguna uku, duk lebul ɗinsu 14 aka rubuta. Ɗaya ya zauna mata cif, ɗaya sai da ta ɗaure da bel, na ukun kuwa ko cinya bai wuce ba balle ayi maganar jan zif. Tana so ta sani ko jikinta ne yake hawa da sauka bata lura ba, kuma wai da gaske ne kamfanoni suna rage lambar kaya da gangan dan mutum yaji daɗi ya saya?

Toh 'yar'uwa, ki fara kwantar da hankalinki, jikinki bai yi komai ba. Na yi shekaru a ɗakin yanka na masana'antar ɗinki, aikina shine fitar da kwalin da ake ɗorawa kan yadi a yanka, da kuma ƙara shi ko rage shi daga lamba zuwa lamba, dan haka abun da zan faɗa miki ba jita-jita bane. Wannan 14 ɗin da kike gani ba awo bace. Ba inci 14 bane, ba santimita 14 bane, babu wani wuri a jikinki da za a ɗora tef ya nuna 14. Suna ne kawai da kamfani ya raɗa wa wani mataki a jerin kayansa, wato ya fi 12 ɗinsu girma, bai kai 16 ɗinsu ba, iyakar alƙawarin da lambar ta miki kenan. Tsakaninta da 14 ta shagon maƙota kuwa babu wata yarjejeniya, kuma a yawancin ƙasashe babu dokar da ta ce dole su zo ɗaya.

Kafin mu je nesa ma, duba ƙasar da aka yi wa kayan. Wannan shi yafi kama mutane kuma ba a cika lura ba. Lamba 14 ta Ingila kusan 10 ce a Amurka, 14 ta Amurka kuma ta kama wajen 18 a Ingila, kinga kenan wando biyu masu lamba ɗaya zasu iya bambanta da mataki biyu cur ba tare da kowa yayi ƙarya ba. A Turai ma haka abun yake, mace mai ƙirji santimita 88 a Jamus 38 zata sa, ta tsallaka Faransa ta zama 40, ta je Italiya ta zama 44, mutum ɗaya jiki ɗaya. Na Jamus ɗin ko ba komai yana da lissafi a bayansa, a raba awon ƙirji biyu a cire 6, wato 88 ya zama 44 ya zama 38. Japan kuma lambar da suka ɗauka a matsayin matsakaiciya ita ce 9. In kayan China ne zaki ga an rubuta abu kamar 160/84A, kuma gaskiya ni wannan tsarin yafi burge ni duk cikinsu, dan 160 tsayin mai sakawa ne, 84 ƙirjinta, harafin kuma yana nuna tazarar dake tsakanin ƙirji da ƙugu. Wato sun gaya miki jikin da suka yi wa rigar, ba su bar ki kina canki-canka ba.

Yanzu ga tarihin yadda akayi abun ya rikice, dan ruwa baya tsami banza. Kayan da ake ɗinkawa da yawa a ajiye kafin mai saye yazo, da kakin soja suka fara yin ƙarfi. Lokacin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 an buƙaci kaki mai ɗimbin yawa cikin gaggawa, aka auna sojoji, aka lura cewa in ka san faɗin ƙirjin namiji zaka iya kintatar sauran jikinsa ba tare da ka kauce sosai ba. Shi yasa har yau kwat ɗin maza lambarta awo ce ta gaske, 40 a Ingila ko Amurka na nufin ƙirji inci 40, 50 a Turai na nufin rabin ƙirji mai santimita 100. Da aka zo kan mata sai aka ɗauka dabarar nan zata yi aiki, aka kama ƙirji aka ce daga shi za a lissafa ƙugu da mazaunai. Ai kuwa bata yi ba. Mata biyu masu ƙirji ɗaya, ɗaya mazaunanta na iya fin na ɗayar da inci shida ko fiye, kowane tela ya san wannan.

A 1939 ma'aikatar noma ta Amurka ta ɗauki nauyin wani gagarumin awo, Ruth O'Brien da William Shelton suka jagoranta, aka auna mata kusan 15,000, kowace a wurare sama da 50 na jikinta, sakamakon ya fito a 1941. Aiki ne babba amma tun daga tushe yana da rauni, dan bayanan mata farar fata kaɗai aka yi amfani dasu, kuma 'yan sa kai ne da ake ba ɗan abun hasafi, a lokacin da ake fama da matsin tattalin arziki, kinga wanda zasu fi zuwa su ne marasa hali. Daga baya aka haɗa da awon matan da suka yi aikin soja, wanda su kuma matasa ne masu motsa jiki. Daga wannan haɗin aka fitar da ma'aunin hukuma a 1958. A 1970 aka mayar dashi na ganin dama, a 1983 aka janye shi gaba ɗaya. Tun daga nan kowane kamfani ya kama gabansa. Akwai wata ƙungiyar ma'auni mai suna ASTM da take fitar da jadawali tun 1995, Turai ma suna da nasu EN 13402 da yake so a riƙa rubuta awon jiki da santimita a lebul, amma duk shawara ce, wanda ya ga dama ya bi.

Sai tambayarki ta biyu, ko da gangan ake rage lamba. Eh, lambobi sun zame, wannan babu musu, akwai shaida a rubuce. A kundin tallan kayan Sears na Amurka, mace mai ƙirji inci 32 lamba 14 take sawa a 1937, a 1967 ta koma 8, zuwa 2011 wannan ƙirjin dai ya zama lamba 0. Ma'aunin 1958 ɗin nan da na faɗa miki daga 8 ya fara, babu wani abu ƙasa da haka, yau kuma akwai 0, akwai 00, a 2014 kamfanin kayan sawa na Amurka J.Crew har 000 suka fitar, suka ce dan masu sayensu na Asiya ne. Sifiri uku! Ki tsaya ki yi tunani, mutum da ransa da jininsa ace lambarsa sifiri. Dalili kuwa shine duk lokacin da aka faɗaɗa lambobin sai siraran mata su rasa wurin zama a jerin, dole a ƙirƙiro musu sabuwar lamba a ƙasa. Turawa suna da sunan da suke kiran abun, ma'anarsa kusan lambar da ake sawa dan a fasa wa mutum kai, ni dai lambar daɗin baki nake ce mata.

Kuma daɗin bakin yana aiki, kar mu yaudari kanmu. Na sha ganin mace ta shiga gwaji da 14 taga ya mata yawa, aka kawo 12 ya zauna, ta fito fuskarta kamar an mata albishir, ta sayi biyu. Masu binciken halayyar masu saye sun gwada abun sun ga ƙaramar lamba tana sa mutum ya ji daɗin kansa ya kuma ji daɗin kayan, babbar lamba kuma tana sa ya tsani rigar ko da ta masa kyau. Masu kasuwa sun san da haka, ba yara bane.

Amma ni inda na rabu da masu cewa duk makirci ne, ba a nan gizo yake saƙar ba. A duk shekarun da na yi ban taɓa zama a taron da wani ya tashi yace mu yi wa mata ƙarya ba. Ga yadda abun yake faruwa a zahiri. Kowane kamfani yana da lambar tsakiya, ita ake fara zanawa, ita ake gwadawa, ita ake yankawa da yawa, dan in za a haɗa kaya a kwali ana sa na tsakiya fiye da na gefe, misali S ɗaya, M biyu, L biyu, XL ɗaya. Wato M ma'anarta tsakiyar masu sayen wannan kamfanin, ba tsakiyar mutanen duniya ba. Kamfanin da yake sayar wa 'yan mata masu shekara 18 tsakiyarsa daban, wanda yake sayar wa iyaye mata masu shekara 45 da suka haihu uku huɗu tsakiyarsa daban, mai ɗinka kayan gudu da motsa jiki shima daban. Toh in bayanan ciniki suka nuna L da XL ne suke ƙarewa, S tana kwantai har sai an karya farashi, me zai faru? Sai a matsar da tsakiyar sama kaɗan, a ƙara rabin inci nan, inci ɗaya can, sunan M yana nan yadda yake. Bayan shekara biyar a sake. Masu sayensu na da suna girma suna ƙara jiki, kamfani yana bin su a baya dan kar ya rasa su, in kiɗa ya canza ai dole rawa ta canza.

Kuma jikin mutane ya canza ɗin da gaske. A Birtaniya an yi awon ƙasa da na'urar ɗaukar siffar jiki, mutum kusan 11,000, ana kiransa SizeUK, sakamakon ya fito a 2004. Matsakaicin ƙugun mace a farkon shekarun 1950 inci 27 da rabi ne, a sabon awon ya kai 34, alhali ƙirji da mazaunai da inci ɗaya da rabi kawai suka ƙaru. Ki lura da wannan da kyau dan yana da muhimmanci, ba girma kawai aka ƙara ba, siffar ce ta canza, ƙugu ya cike. Wandon da aka yanka da tsohon lissafi zai shiga mazaunai lafiya lau ya ƙi rufuwa a ƙugu, wanda aka yanka da sabon lissafi kuma in mai siririn ƙugu da manyan mazaunai ta saka sai ya bar rami a baya har ki iya zura hannu. Wani bincike a jami'ar jihar North Carolina ya duba siffar mata sama da 6,000, ya samu kashi 8 cikin ɗari ne kawai ke da irin jikin nan mai ƙirji da mazaunai daidai da siririn ƙugu, kusan rabi kuwa jikinsu a miƙe yake ba wani lanƙwasa sosai. Amma shekara da shekaru akan wancan kashi 8 ɗin ake zana kaya.

Bari in ba ki wani labari da nake so, ba na mata bane ma. Wajen 1950 rundunar sojan saman Amurka ta auna matuƙan jirginta 4,063, wani matashin mai bincike Gilbert Daniels ya ɗauki awo goma, tsayi, ƙirji, tsawon hannu da sauransu, ya tambaya mutum nawa ne suka faɗa matsakaici a duka goman. Amsa: babu ko ɗaya. Maza ne matasa da aka riga aka tace kafin a ɗauke su aiki fa, amma ba a samu matsakaicin mutum ko guda ba. Toh ina ga mata miliyoyi da ake so a zuba su cikin lamba takwas ko goma? Shi yasa in naji ana cewa gwamnati ta tilasta ma'auni ɗaya kowa ya bi, nakan ce a yi hattara, kar a yi gudun gara a faɗa gidan zago. In duk kamfanoni suka yanka 14 iri ɗaya sak, wadda jikinta bai dace da wannan yankan ba ta shiga uku, babu shagon da zata je ta samu. Wannan rikicin da yake ba ki haushi shine kuma yasa wando ɗaya cikin ukun ya zauna miki cif. An dai gwada, Sifen ta auna mata kusan 10,000 a tsakanin 2007 da 2008 dan daidaita lambobi, Ajantina ta yi doka a 2019 akan tsarin lamba ɗaya na ƙasa. Ni abun da nake goyon baya ba lamba ɗaya bace, a tilasta rubuta awo na gaskiya a jikin lebul, ƙugu kaza, mazaunai kaza, kowa ya yanka yadda ya ga dama amma ya faɗi abun da ya yanka. Kayan yara na Turai ai haka suke, 104, 110, 116, tsayin yaro ne da santimita, kuma ba a cika jin rigima akansu ba.

Akwai wuri ɗaya dai da bana iya kare masana'antarmu, wandon maza. Nan lambar da sunan inci aka rubuta ta, 34, 36, abu ne da za a iya ɗora tef a tabbatar. A 2010 wani ɗan jarida na mujallar Esquire ya zaga shaguna da tef yana auna wanduna masu lamba 36, abun da ya samu ya kama daga inci 37 har 41. Inci biyar! Wani ɓangare yana da uzuri, dan wandon zamani ba a ainihin ƙugu yake zama ba, ƙasa da cibiya yake sauka inda jiki yafi faɗi, dole bakin wandon ya fi awon ƙugu. Inci ɗaya ko biyu na yarda. Biyar kuwa daɗin baki ne tsagwaronsa, kuma yana da illa, dan mutum zai shekara goma yana cewa ni har yanzu 36 nake sawa alhali tumbi ya yi gaba, faɗin ƙugu kuma yana cikin abun da likitoci ke dubawa wajen haɗarin ciwon suga da na zuciya. Masu cewa abun na mata ne kawai su je su auna wandonsu.

Yanzu mu shiga ɗakin yanka, dan ko a cikin kamfani ɗaya zaki iya ɗaukar wando biyu iri ɗaya lamba ɗaya su bambanta, kuma mutane basu cika yarda ba sai sun gani. Na farko, akwai mace ta gaske da ake ɗauka aiki dan a riƙa gwada samfur a jikinta, ita ce lambar tsakiyar kamfanin a tsaye. In kafaɗarta faɗi ce duk rigunan shekarar zasu ɗauki faɗin kafaɗa, in ta bar aiki aka kawo wata sai yankan ya ɗan juya ba tare da an sanar da kowa ba. Daga jikinta ake lissafa sauran lambobi, a ƙara inci 1 zuwa 2 a zagaye a kowane mataki. Matsalar ita ce jiki baya girma da lissafi. Mace in ta ƙara ƙiba ƙashin kafaɗarta baya faɗaɗa, hannunta baya ƙara tsawo, amma in mai lissafin malalaci ne ya bar kwamfuta ta yi ta ƙari bai ɗaya, sai ki ga lamba 20 da hannu har yatsu da wuya kamar bakin rijiya, dantse kuma ya matse. Kamfanin da ya san aikinsa yakan sake sabon kwali daga tushe wa manyan lambobi da wata mai gwajin daban, amma wannan kuɗi ne, da yawa basa yi.

Na biyu, sararin da ake bari tsakanin jiki da yadi. Riga mai ƙirji inci 38 ba a yi ta dan mai ƙirji 38 ba, in yadin baya talewa ko numfashi ba zata yi ba, sai an bar inci 2 zuwa 3 a ƙirji, kamar 2 a mazaunai, ɗaya a ƙugu, wannan na motsi ne kawai. Sannan mai zane ya ƙara nasa na ado, bana ana yayin kaya burum-burum sai ya ƙara inci shida, baɗi ana yayin matsattsu sai ya janye. Yadi mai roba kuwa akasin haka ake masa, a yanka shi ƙasa da jiki dan ya kama. Duk waɗannan 14 za a rubuta musu.

Na uku shine wanda ya fi bani dariya in na tuna. Ba ɗaya-ɗaya ake yanka ba, shimfiɗa yadi ake yi hawa-hawa, gomomi, wani lokacin fiye, a bi da wuƙar inji. In wuƙar ta ɗan karkata ko yadin ya zame, na sama da na ƙasa ba zasu zo ɗaya ba. Mai ɗinki kuma ana biyanta da yawan abun da ta ɗinka, tana gudu, ta ci milimita uku a kowane gefe, wando mai ɗinki huɗu a zagaye kinga an tafi da fiye da santimita ɗaya. Saboda haka kowane kamfani yana da iyakar kuskuren da yake yafewa, sau da yawa rabin inci sama ko ƙasa a manyan wurare. Ki lissafa, ɗaya ya fi da rabi, ɗaya ya gaza da rabi, tsakaninsu inci guda, duka biyun kuma sun ci jarabawar masu duba inganci. A jerin da tazarar lamba da lamba inci ɗaya ce, babbar ƙaramar lamba ta kamo ƙaramar babba kenan. Na taɓa auna wando goma sha biyu daga kwali ɗaya a wani wurin da nayi aiki, da ƙyar na samu huɗu da suka zo daidai da takarda, kuma haka aka loda su aka tura. Ƙara da cewa babban kamfani baya ɗinki a wuri ɗaya, baƙin launi na iya fitowa daga Bangaladash, shuɗin daga Biyetnam ko Turkiyya, yadi daban, hannu daban. Jins ma abun da ake masa bayan ɗinki yana canza shi, wanda aka wanke da dutse aka koɗar ya sha wuya ya yi laushi, baƙi mai rini sosai yakan fi tauri da matsewa. Auduga kuma tana tsukewa a wankin farko, kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari ba abun mamaki bane in ba a riga an tsuke ta a masana'anta ba, kashi 4 na mazaunai inci 42 ya wuce inci ɗaya da rabi, kusan lamba guda ta tafi a ruwa.

Toh me zaki yi? Ki sayi tef na awo irin na tela, ki ajiye a jaka. Ki auna ƙirji a inda yafi cika, ƙugu a inda jiki yake lanƙwashewa in kin karkata gefe, mazaunai a inda suka fi faɗi, tef ɗin a kwance ba a karkace ba, kar ki ja ciki kar ki matse, ba gasa ake ba. Ki rubuta da inci da santimita duka a waya. Amma dabarar da tafi wannan, ɗauko wandon nan da ya zauna miki cif, ki rufe zif ki shimfiɗa shi a ƙasa, ki auna bakin ƙugu daga gefe zuwa gefe, faɗin mazaunai, faɗin cinya, da tsawon hantsa daga inda ɗinkuna suka haɗu zuwa bakin ƙugu ta gaba. Hantsar nan mutane suna raina ta alhali ita take yanke hukuncin inda wandon zai zauna, in ta bambanta da inci biyu to awon ƙugun ma ba wuri ɗaya ake magana ba. Da waɗannan lambobi huɗun zaki iya auna wando a shago cikin minti ɗaya ki san ko zai shiga tun kafin ki cire takalmi.

In ta intanet kike oda, kar ki danna lambar da kika saba, buɗe jadawalin awon wannan kayan, kuma ki duba ko awon jiki suka rubuta ko awon rigar kanta, dan nan ne ake faɗawa rami. In awon jiki ne ki gwada da naki kai tsaye. In na riga ne dole ya fi jikinki da sararin da na faɗa a sama, in kuma kika ga ƙirji 50 ko 52 a rigar manya to a shimfiɗe aka auna da santimita, sai ki ninka biyu. Ki karanta abun da aka saƙa yadin dashi, kashi 2 na roba a jins yana yafe kuskure mai yawa, auduga zalla bata yafiya. Sharhin masu saye ma yana taimako, amma wanda suka faɗi tsayinsu da awonsu kaɗai, wadda tace ya min kaɗan bata gaya miki komai ba tunda baki san jikinta ba. Abun da aka rubuta wa lamba ɗaya mai shiga kowa kuwa, ki ɗauke shi a matsayin S ko M mai roba.

In kin faɗa tsakanin lamba biyu, ko sama da ƙasanki ba lamba ɗaya bane, wanda haka yawancin mata suke, ki saya dan wurin da yafi girma ki kai wa tela ya rage sauran. Ragewa sauƙi ne, ƙarawa kusan ba ya yiwuwa, dan kayan kanti abun da ake bari a cikin ɗinki bai cika wuce santimita ɗaya ba, babu abun da za a saki. A riga ki tabbatar kafaɗa ta zauna dan ita ce mai wahalar gyara, a wando kuma mazaunai da cinya da hantsa. Tsofaffin kaya na shekarun baya in kin ci karo dasu a gwanjo, ki manta da lebul ɗin kwata-kwata, 14 ta 1970 zata iya ƙin shiga mai sa 10 ta yau.

Wandunan naki uku kuwa, wanda kike ɗaurewa da bel ki juya lebul ɗinsa ki duba, ina kyautata zaton 14 ta Amurka ce, in mazaunan basu yi yawa sosai ba tela zai cire ƙugun ta ɗinkin baya ya zauna. Wanda ya tsaya a cinya in da rasit ki mayar, kar ki ajiye shi a durowa da niyyar sai kin rame, in zasu canza miki ki tafi da tef ki auna wanda zasu baki a gabansu, ko 18 aka rubuta a jiki in cinyar ta kai awon wancan mai kyaun ki karɓa.